Kwangilar cire asbestos a majalisar garinmu: me ya sa aka tsallake mai farashi mafi sauƙi?

BaFagge72

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga 'yan'uwa da suka san aikin gine-gine ko aikin ƙananan hukumomi a nan Ingila. Majalisar garin da nake zaune ta rufe tsohon zauren taron unguwarmu, inda muke yin suna da walima, saboda za a cire asbestos, wato wani ma'adini mai zare-zare da aka riƙa sawa a kayan gini wanda ƙurarsa ke cutar da huhu, kafin a yi masa gyara. Na karanta takardun zaman majalisar da suka sa a shafinsu na intanet, kuma abin da na gani bai kwanta mini ba. Rahoton ya nuna cewa kamfanin da aka ba kwangilar shi ne na biyu a sauƙin farashi, ba na farko ba. Da aka zo tattauna kuɗin, sai aka nemi 'yan jarida da sauran jama'a su fita. Bayan an fara aiki kuma, sai ga wani rahoto yana neman a ƙara kuɗi, wai an gano ƙarin asbestos a bayan bango. Mu da muka taso a inda muka taso, mun san abin da irin wannan yake nufi. Shin haka ake yi bisa ƙa'ida, ko kuwa cuwa-cuwa ce ta sa rigar doka?

Injiniya_Sabo

Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da batun farashi, domin nan ne na fi sani. A wannan aiki, idan kamfani ya kawo farashin da ya yi ƙasa sosai da na sauran, abin da mai hankali zai fara tambaya shi ne wane mataki ne aka cire daga lissafi. Dokar kula da asbestos ta 2012 ta raba aikin gida biyu. Akwai wanda ba ya buƙatar lasisi, kamar cire kwanon rufi na siminti ko tayil ɗin daɓe idan ba su farfashe ba, akwai kuma wanda sai kamfani mai lasisi daga hukumar kula da lafiya da kariyar ma'aikata, HSE, kamar abin da ake naɗe bututun ruwan zafi da shi, da wanda ake fesawa a jikin ƙarfe, da allunan da ake rufe bango da sili da su don kare gobara. A irin na biyu, dole kamfani ya sanar da hukuma kwana 14 kafin ya fara, ya killace wurin da leda mai kauri, ya gwada killacewar da hayaƙi don a ga ko akwai inda iska take fita, ya sa injin da ke zuƙo iska ciki ta matata ta musamman, ya kawo motar wanka ta ma'aikata, ya kuma kai sharar juji mai izinin karɓar shara mai haɗari. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kuɗi ne. Saboda haka tsallake mafi araha shi kaɗai ba alamar rashin gaskiya ba ce.

Hajiya_Binta_K

Na yi aiki a sashen sayayya da kwangiloli na wata majalisa, don haka zan ƙara a kan abin da Injiniya ya faɗa. Doka ba ta wajabta wa majalisa ɗaukar mafi araha ba. Tun kafin a tallata kwangila ake rubuta yadda za a raba maki, a ce kaso kaza na farashi ne, kaso kaza na ingancin aiki, kuma kowane mai nema yana ganin wannan rabon kafin ya gabatar da takardunsa. Sabuwar dokar sayayya ta 2023, wadda ta fara aiki a watan Fabrairun 2025, ta ma ƙara buɗe wannan ƙofa, domin abin da take nema shi ne tayin da ya fi alfanu gaba ɗaya. Ƙananan ayyuka kuwa ƙa'idojin kwangila na ita majalisar suke bi, waɗanda dokar ƙananan hukumomi ta 1972 ta wajabta wa kowace majalisa ta rubuta.

Batun fitar da jama'a shi ma yana cikin waccan doka ta 1972. An yarda a rufe ƙofa idan za a tattauna bayanan kuɗi ko kasuwancin wani kamfani, amma da sharaɗin cewa amfanin ɓoyewar ya rinjayi amfanin da jama'a za su samu idan an bayyana. Idan kuma majalisar zartarwa ce za ta yi zaman sirri, ana sanarwa kwana 28 kafin ranar. Malam BaFagge, ka duba ko an yi wannan sanarwar.

Tsohon_Dan_Jarida

Hajiya, Allah Ya saka da alheri, amma kin faɗi yadda abin yake a rubuce ne. Na zauna a zaurukan majalisu ina ɗauko rahoto, kuma sau da yawa wancan sharaɗin na auna amfanin jama'a layi ɗaya ne da ake kwafowa daga rahoton da ya gabata, kansiloli su ɗaga hannu cikin daƙiƙa kaɗan, a ce mana mu fita. Ba na cewa sata ake yi a ciki. Abin da nake cewa shi ne rufe ƙofa ya zama al'ada, kuma a ƙarƙashin al'ada ne sakaci yake samun wurin kwanciya.

Kada kuma mu ɗauka cewa majalisun nan ba sa kuskure a kan asbestos. A 2015 kotu ta ci majalisar Waltham Forest da ke Landan tarar fam 66,000 saboda ta bar ma'aikata da 'yan kwangila suna shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na babban gininta alhali ta san akwai asbestos a wurin shekaru da dama. Yadda asirin ya tonu shi ne abin lura: wani mazaunin yankin ne ya nemi ganin wasu takardun zaɓe, aka ce masa ba za a iya ɗauko su ba domin ƙurar asbestos ta gurɓata su, shi kuma ya kai maganar gaban HSE. Ba kwamitin majalisa ne ya gano ba.

Ni a wurina, abu na uku da Malam BaFagge ya ambata, wato ƙarin kuɗin, shi ne ya fi cancantar bincike.

Injiniya_Sabo

A kan wannan na yarda da kai, Malam, kuma ga inda ya kamata a duba. Binciken asbestos iri biyu ne. Akwai na kula da gini yayin da ake amfani da shi, wanda mai bincike yake duba abin da ido da hannu za su iya kaiwa ba tare da ɓalle bango ko daɓe ba. Akwai kuma na gyara ko rushewa, wanda a cikinsa ake ɓalle bango, a ɗaga daɓe, a leƙa cikin ramukan bututu, kuma yawanci sai ginin ya zama babu kowa. Idan majalisa ta tallata kwangila bisa rahoton iri na farko, don gudun kashe kuɗi ko don ba ta so ta rufe zauren da wuri, to babu makawa sai an ci karo da abin da ba a lissafa ba, kuma a lokacin ɗan kwangila ya riga ya kafa kayansa, majalisa ba ta da ƙarfin ciniki. Idan kuwa an yi iri na biyu, sai a karanta shafin da mai bincike ya lissafa wuraren da bai samu shiga ba. Na ga rahotannin da wannan shafin ya fi sauran rahoton muhimmanci. Idan bangon da ake magana yana cikin jerin, laifin na wanda ya karɓi rahoton ne bai ce a koma a duba ba.

Maman_Haidar

Ni tambayata ƙarama ce. Yarana sun yi shekaru suna zuwa irin wannan tsohon zaure don karatun Asabar da Lahadi. Idan an ce akwai asbestos a gini, shin duk wanda ya taɓa shiga yana cikin haɗari ke nan?

Likita_Ummi

Maman Haidar, ki kwantar da hankalinki. Asbestos da ke zaune lafiya a cikin bango ko sili, ba a huda shi ba, ba a goge shi ba, bai kuma fara marmashewa ba, ba ya sakin zare mai yawa a iska. Haɗarin yana tasowa ne idan an taɓa shi, domin zaren ya fi ƙarfin ganin ido, kuma idan ya shiga huhu jiki ba ya iya narkar da shi. Shi ya sa waɗanda cututtukan asbestos suka fi kamawa su ne kafintoci, da masu aikin famfo, da masu haɗa wutar lantarki, da waɗanda suka yi aiki a wuraren ƙera jiragen ruwa. Ciwon dajin da ya fi alaƙa da shi, mesoteliyoma, yana kama fatar da ta lulluɓe huhu, kuma yakan ɗauki shekara 20 zuwa 50 kafin ya bayyana. A Birtaniya ana ƙiyasta cewa kimanin mutum 5,000 ne ke mutuwa a shekara sakamakon cututtukan asbestos, sama da 2,000 daga cikinsu ta wannan ciwon dajin, duk da cewa an haramta nau'in asbestos shuɗi da mai ruwan ƙasa tun 1985, farin kuma a 1999. Wannan tazarar ce ta sa batun kwangila yake da nauyi: idan aka yi aikin banza yau, kansilan da ya sa hannu da kamfanin da ya yi aikin duk za su iya gushewa kafin wani ya fara tari.

Malam_Habu_Zazzau

Ina bin wannan muhawara daga gida Najeriya, kuma na ga kamar kuna kukan daɗi ne. Ku ana rufe muku zaure a kira masu lasisi. Mu nan tsofaffin makarantu da gidajen ma'aikata da asibitoci cike suke da silin asbestos da kwanonsa, kuma idan aka ba da kwangilar gyara, leburori ne za su hau da guduma su farfasa, ƙura ta turnuƙe ajin, a zuba ɓaraguzan a bayan katanga, wasu ma su kwashe su cike ramin ƙofar gida da su. Na ga an yi haka a wata makaranta kusa da mu, ɗalibai suna aji na gaba ana karatu. Dokar sayayya ta tarayya ta 2007 ta ce a ba mafi ƙarancin farashi daga cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa, to amma idan takardar kwangilar ba ta ambaci yadda za a cire silin ba, ai babu sharaɗin da za a ce wani bai cika ba.

Injiniya_Sabo

Malam Habu, maganarka ta ƙarshe ita ce gaskiyar lamari a ko'ina, domin abin da ba a rubuta a takardar kwangila ba, babu wanda zai sa masa farashi. Sai dai in ƙara da cewa silin da kwanon da aka fi sani a gida na siminti ne, zaren yana ɗaure a ciki, don haka ko ba kayan aiki masu tsada za a rage haɗarin sosai idan an fitar da mutane, an jiƙa allon da ruwa, an kwance ƙusoshi an sauke shi ɗungurungum, an naɗe shi da leda. Guduma da injin yanka da tsintsiya a kan busasshiyar ƙura su ne abin gudu.

Barista_Nura

Bari in dawo da mu kan tambayar Malam BaFagge, domin yana da hanyoyin da zai bi ba tare da ya zargi kowa ba. Majalisun Ingila suna wallafa duk kuɗin da suka kashe da ya haura fam 500, da kuma bayanan kwangilolin da suka wuce fam 5,000, saboda haka sunan kamfanin da jimillar abin da aka biya shi ba sirri ba ne, ko da an tattauna su a bayan ƙofa. Yana iya rubuta buƙata a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2000, kuma wajibi ne a amsa masa cikin kwanakin aiki 20. Suna iya ƙin ba shi farashin kowane kamfani dalla-dalla da hujjar kare kasuwanci, amma da wuya wannan hujja ta rufe rahoton binciken gini, ko yadda aka raba maki, ko ranar da aka amince da ƙarin kuɗi da muƙamin wanda ya amince. Idan sun ƙi, akwai ofishin kwamishinan bayanai da ake kai ƙara. Haka nan kowace shekara akwai kwanakin aiki 30 da ake buɗe asusun majalisa don masu sha'awa su duba, har da rasitai da kwangiloli, kuma mutane ƙalilan ne suke amfani da wannan dama.

Game da dalilin da ya sa lauyoyin majalisa suke tsoron araha a wannan fanni, a 2011 Kotun Ƙoli ta tabbatar da diyyar fam 240,000 a kan majalisar Knowsley, saboda wata mata da ta shaƙi asbestos tun tana ɗaliba a makarantar sakandare, ta kuma rasu kafin a kammala shari'ar. Nauyin kula da ginin yana kan mai shi, kuma ba ya sauka don kawai an ɗauki ɗan kwangila.

Ladan_Mai_Gini

Ranku ya daɗe, ni ba ni da ilimin doka, amma na yi wannan aikin da hannuna lokacin da na zo ƙasar nan. Mutum yana shiga ta ƙananan ɗakuna uku na leda, sanye da rigar da ake yarwa bayan an gama, da takunkumin da aka gwada a fuskarsa, kuma dole ya aske gemu domin gashi yana hana takunkumin kama fata, abin da ya sa wasu 'yan'uwanmu suka haƙura da aikin. Ana tsira wa abin da ke jikin bututu allurai masu tura ruwa har ya jiƙe ya yi laushi, sannan a kankare a hankali, a zuba a jar jaka, a ɗaure, a goge bayanta, a saka ta cikin wata fara mai nuna ciki. Zafin da ke cikin ledar nan ba a magana.

Abin da nake so ku sani shi ne, duk wannan wahala tana tsayawa ne a kan mutum ɗaya, wato mai gwajin da zai zo a ƙarshe. Shi ne zai shiga da tocila ya duba kowane lungu, ya kaɗa ƙura da buroshi, ya auna iska, sannan ya ba da takardar cewa mutane za su iya komawa. Na yi aiki a wurin da mai gwaji ya mayar da mu muka sake share wuri saboda ɗan farin abu da ya gani a saman ƙarfe. Na kuma yi aiki da wani kamfani inda shugabanmu ne yake ɗauko mai gwajin, shi yake biyansa, tare suke shan shayi a mota, kuma ban taɓa ganin ya ce a sake komai ba. Idan ni ne Malam BaFagge, tambayar da zan fara yi ita ce wa ya ɗauki mai gwaji, majalisa ko ɗan kwangila.

Hajiya_Binta_K

Malam Ladan ya taɓo wuri mai muhimmanci. Dole ne kamfanin gwajin ya kasance yana da shaidar hukumar tantancewa ta UKAS, kuma adadin zaren da ke iska ya gaza 0.01 a kowace mililita kafin a sa hannu. HSE tana ba da shawarar cewa mai ginin ne ya kamata ya ɗauki mai gwaji da kansa, amma shawara ce, ba tilas ba, kuma majalisar da ma'aikata suka yi mata ƙaranci takan ga ya fi mata sauƙi ta haɗa komai a kwangila ɗaya. A inda na yi aiki mun raba su, kuma ba ma biyan kaso na ƙarshe sai an kawo takardar gwaji da takardar da ke nuna jujin da ya karɓi sharar.

BaFagge72

Na gode ƙwarai, jama'a. Na sake duba rahoton, kuma ya nuna cewa an ba inganci maki fiye da farashi, kamar yadda Hajiya ta bayyana, sai dai bai faɗi irin binciken da aka yi kafin tallata aikin ba. Zan rubuta in nema. Amma bayanin Likita ya haifar mini da wata tambaya: idan asbestos da ba a taɓa ba ba shi da haɗari sosai, me ya sa ba za a bar shi ba a kashe kuɗin a kan abin da ya fi damun mutane, tunda harajin gida kullum ƙaruwa yake?

Injiniya_Sabo

A gaskiya barinsa shi ne tsarin da ƙasar take bi a mafi yawan gine-gine. Doka ta ce mai kula da gini ya san inda yake, ya rubuta a rajista, ya riƙa duba halin da yake ciki, ya kuma nuna wa duk ma'aikacin da zai taɓa wurin. Naku ya zama dole ne saboda za a yi gyara, kuma ba a fasa bango a bar abin da ke cikinsa.

Likita_Ummi

Injiniya, a nan ina da ja. Tsarin barinsa yana aiki ne idan rajistar tana nan, kuma mai gyaran famfon da aka kira da daddare ya karanta ta kafin ya ɗauko abin huda bango. Gine-ginen da aka yi tsakanin shekarun 1950 da 1970 suna tsufa, rufi yana yoyo, yara suna buga ƙofofi, allunan suna motsi. A 2022 wani kwamitin majalisar dokoki ya ba da shawarar a sa wa'adin shekara 40 don cire shi daga gine-ginen da ba na zama ba, a fara da makarantu, amma gwamnatin lokacin ba ta karɓa ba. Ni ina ganin kwamitin ne ke da gaskiya.

Tsohon_Dan_Jarida

Likita, tambayar ita ce da wane kuɗi. Birmingham, wadda ita ce ƙaramar hukuma mafi girma a ƙasar, ta sanar a watan Satumban 2023 cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba, Nottingham ta biyo baya a watan Nuwamba. Kula da tsofaffi da yara marasa galihu yana cinye kaso mafi tsoka na kasafin irin waɗannan majalisu, gyaran gine-gine kuma shi ake fara ɗagewa. Majalisar da ke cikin wannan hali ita ce za ta yi binciken gini mai araha, ta haɗa mai gwaji da ɗan kwangila, sannan ta dawo neman ƙarin kuɗi a zaman sirri. Shi ya sa ban gamsu da cewa bin ƙa'ida a takarda ya wanke majalisar Malam BaFagge ba.

Barista_Nura

Bai wanke ta ba, bai kuma kama ta ba, sai an ga takardun. Malam BaFagge, idan za ka rubuta, ka nemi kwanan watan rahoton binciken tare da kwanan watan tallata kwangilar, ka kuma tura wa kansilan mazaɓarka kwafi, domin shi yana iya samun damar ganin abin da aka tattauna bayan an fitar da jama'a, kuma yana iya neman kwamitin sa ido ya sa batun ƙarin kuɗin a ajandarsa ta gaba.